Robobi Goma Sha Ɗaya

Ƙofar Kaura, Katsina.

Zuwa ga Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar taki? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Kawu Sammani, Ya sa can ta fi masa nan.

Na ga kiranki, na kasa ɗauka. Inna ta ce kina tambayar abin da ya fitar da ni daga gidan makoki ranar sadakar uku. Da baki ba zan iya ba, shi ya sa na rubuto.

Kin san shekara huɗu ina ɗakin bincike, ina tatsar ruwan ganyen sabarar da nake tsinkowa a Batagarawa, ina gwada shi a kan ƙwayar cutar ciwon hanta. A cikin kwalbar gwaji ya rage mata ƙarfi. Iyakar abin da na gano ke nan, ko kan ɓera ban kai ba. Da aka kira ni gidan rediyo, sau uku ina maimaita haka, amma da suka tashi sakawa suka yanke wurin.

Ba a yi sati biyu ba wani mai magani a Babbar Kasuwa ya fara sayar da jiƙo a robobi, da hotona a manne. Na roƙe shi ya cire, ya ce ai talla yake mini kyauta. Na kai ƙara, aka ce in rubuto. Na rubuta, har yau shiru.

Ashe Kawu yana cikin masu saye. Tun bayan ƙaramar Sallah ya ajiye ƙwayoyin ciwon hantar da asibiti ke ba shi, wai ni 'yarsa ce, maganina zai sha. Sai da ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, sannan matarsa Zuwaira ta jawo robobin daga ƙarƙashin gado. Goma sha ɗaya, Yaya, kowace da fuskata ina murmushi.

Ranar ukun, wata tsohuwa ta ja ni gefe. Na zaci zagina za ta yi, da ma ta zage nin. Roƙona take in samar wa mijinta maganin na ainihi. Nan na ɗauki mayafina na fita.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyu kafin ya cika, Kawu ya riƙe hannuna ya ce kada in karaya da aikina, ƙila shi ne bai sha yadda ya kamata ba.

Ki gaida Malam da yara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rashida