Jiƙona Ya Ci Hantar Babana

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin tsine mini, ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Jiƙon gargajiya nake sayarwa a Sauka Kahuta, nan Minna. Ana yabonsa, wai sha yanzu magani yanzu. To ba saiwa ke aikin ba. Ƙwayoyin ciwon kai nake saye kwali-kwali, har da waɗanda suka lalace suka dame, in kirɓa a turmi in juye a tulu. Wallahi ko ɗanɗanawa ba na yi, warin kaɗai ya ishe ni. Amma Babana, tsohon ma'aikacin reluwe kuma ladanin unguwarmu, safe da yamma sai ya biyo rumfata ya sha, yana sa mini albarka. Da hannuna nake miƙa masa. In na hana shi, me zan ce ne dalili?

Kwanan baya idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ga amai, muka je asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce akwai wani sinadari da ke zaune a hanta da zuciya, in ɗayansu ta ji rauni sai ya malalo cikin jini, kuma na Baba ya hau ƙwarai. Zuciyarsa lafiya, saura hanta. Sai ya ce, "Malam, kana shan giya ne?" Baba ya ce, "A'uzubillahi! Ni? Ba abin da nake sha sai jiƙon ɗana, saiwa ce zalla, ga shi nan tambaye shi." Likita ya dube ni. Na gyaɗa kai. Tir da ni! Wane irin ɗa ne wannan?

Likita ya ce in ba a gano abin an daina ba, hantar za ta mutu. Ga shi maganar giyar ta isa masallaci, har an sa wani yana kiran salla.

Jiya Baba ya ce, "Na gama da masu zuƙe jinin mutum su yi masa ƙazafi. Zubo mini naka." Na ce ya ƙare. Ya ajiye kofinsa a rumfata, ya ce da safe zai dawo.

Jama'a, me zan yi?