Ni Na Shanya Jirginmu a Rana

Assalamu alaikum, masu wannan fili. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ina ban ruwan albasa a lambunmu na bakin baraj, wato madatsar ruwa, kusa da Konni, na fara hango shi: wani dogon mutum tsaye cikin kwale-kwale shuɗi, iska na kaɗa rigarsa. Lokacin salula ba ta daɗe da shigowa ba, ni kuma ban da aiki sai karatun littattafan soyayya da ake kawowa daga Najeriya. Nan take na ce ga nawa ya iso. Abdu sunansa, ma'aikacin ruwa da daji ne da aka turo daga Yamai. Shi ya shirya tseren jirgi tsakanin ƙungiyoyin mata masu lambu, ya ba kowace ƙungiya jirgi, yana koya mana tuƙi da yamma. Mu shida ne a namu, shugabarmu Inna Rabi, ƙawar mahaifiyata. Rannan ya ce na fi kowa hannu. Wace budurwa za ta ji haka ta yi barci? Na rubuta masa wasiƙa shafi huɗu, na kasa ba shi, ta faɗo daga zanena cikin jirgi.

Inna Rabi ta tsinta. Ba ta iya boko ba, sai ta ba wata ta karanta da ƙarfi, gaban mata, gaban masunta, gabansa. Suna dariya, tana tafi. Ta ce, "Ɗiyar nan, mu tsere muka zo, ke biki kika zo. Sauka, kin zama mai gadin jirgi." Abdu ya sunkuyar da kai. Har kasuwa yara suna bi na da kalaman wasiƙar, "ya hasken idona".

Abdu ya sha gaya mana cewa jirgin katako ba ya kwana a tudu: a ruwa yake kumbura ya haɗe, in ya sha rana sai ya buɗe. Saura kwana uku tsere aka ce kowa ta huta. Ranar Juma'a, maza na masallaci, na ɗaura wa jakinmu igiya ya ja jirgin bayan lambu, na kifa shi cikin ranar bazara. Da safen tsere na mai da shi. Da idona na ga haske ta tsakanin katakon, na yi shiru.

Ruwa ya fara shiga tun daga gaɓa, suka ɗauka na kullum ne. A tsakiya jirgin ya nutse. Ba zan yi ƙarya ba, da na ga kallabin Inna Rabi yana yawo a kan ruwa, daɗi na ji. Masunta suka ciro su duka da rai, ita ce ta ƙarshe. Mazajen matan suka kai ƙara, aka ɗauke Abdu, ban sake ganinsa ba, kuma daga nan ba macen da aka bari ta shiga jirgi.

Inna Rabi ba ta ƙara zuwa bakin ruwa ba. Ta bar lambunta, kunnenta ɗaya ya mutu, shekara shida tana sayar da albasar wasu a tasha. Bana ɗanta ya biya mata Makka. Jiya ta shigo gidan aurena neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ta riƙe hannuna, ta ce, "Na wulaƙanta ki, amma Allah Ya so ki, ni Ya nuna mini. Ki yafe mini, ɗiyata."

Na ce, "Inna, ku bari in yi tunani." Wallahi wani gefen zuciyata so yake ta tafi ba gafarar. In kuma na yafe ban faɗa ba, ita ta wanke nata, ni fa? In na faɗa, na san har gidan mijina maganar za ta kai.

Ranar Alhamis motarsu za ta tashi zuwa Yamai. 'Yan'uwa, kafin Alhamis, me zan yi?