Bindiga Ɗaya Na Ƙirga, Kuma Na Ce Wa Ɗana Ya Hau

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya baje kolin ƙaramin jirgin yaƙin rakiya a tashar ruwan Doha.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Shekara shida ke nan ina bin tambaya ɗaya. Sau uku na je ofishinku, ana ce mini khalas, wato magana ta ƙare, Baba, je ka gida. Ban yi boko ba. Maƙwabcina a unguwar Bin Omran ke rubuta wannan, na kuma hana shi gyara mini magana.

Na farko. Ni direba ne. Na kai baƙi wajen baje kolin nan, da suka tafi cin abinci aka bar mu direbobi muka hau jirgin. Na zagaya shi na ƙirga: babbar bindiga ɗaya a goshi, ƙanana biyu a gefe. Na tambayi jami'inku ko shi ke nan. Ya yi dariya, ya ce yaƙin yanzu na na'ura ne, ba na yawan bindiga ba. Har hula ya ba ni. Tana nan.

Na biyu, nan ne laifina. Ɗana Nuhu sojan ruwa ne can ƙasarmu. Ya kira ni, ya ce an ba shi zaɓi: ko ya zauna gadin sito a tudu, ko ya hau irin wannan jirgi su riƙa raka jiragen kaya. Ya ce yana jin jirgin ya yi ƙanƙanta. Ni da ubana maharbi ne, wanda bai taɓa shiga daji da kibiya uku kacal a kwari ba, na danne abin da idona ya ƙirga. Na ce na taka jirgin da ƙafata. Na ce jikan maharbi ba ya gadin buhu. So nake in yi alfahari da shi a wajen shan shayi, ba wani abu ba.

Na uku. Nuhu ya hau jirgin. Wata rana ƙananan jiragen sama marasa matuƙi suka taso musu kamar fari. Nuhu ya ce bindigar tana juyawa ga ɗaya, uku na shigowa ta baya. Ya dawo ba hannun dama, kunne ɗaya a toshe. Bai taɓa ce mini kai ne ba. Da ma ya faɗa, da na samu sauƙi.

Ban ce ku kuka ƙera jirgin su Nuhu ba, ban sani ba. Amma bakin mutuminku na ara na tura ɗana.

Yanzu ƙanensa Sani, shi ma sojan ruwa, an tura shi irin jirgin nan. Mako biyu yana neman albarkata, ina ganin kiransa ina kifa waya.

Roƙona ɗaya ne. Ku samu wanda ya sani, ba mai raba hula ba, ya gaya mini da baki: in marasa matuƙi ashirin suka taso lokaci guda, nawa jirgin nan zai kakkaɓo kafin harsashi ya ƙare? In ya isa, ku ce ya isa. In bai isa ba, ku faɗa, ba zan kai ƙarar kowa ba.

Allah ya ƙara girma, ya kare naku 'ya'yan daga shawara irin tawa. Sani zai tashi bayan Juma'a. Ku amsa mini kafin nan, in san abin da zan ce masa in na ɗaga wayar.

Wassalam.

Malam Ɗanjuma Direba, Bin Omran.