Jan Mai a Kututturen Gawo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ko da yawancinku sa'annin 'ya'yana ne.

Ni dattijo ne a Bodinga. Ƙuruciyata duka a dazuzzukan katako na yi ta, daga Ghana zuwa Kwaddibuwa, daga Kamaru zuwa Gabon, a can na koyi Faransanci da yaren Asante, Fulatanci kuwa da shi na tashi. Abokan tafiyata sun dawo gida da motoci, ni na dawo da tsofaffin injunan yankan itace. Duk inda na ga an jefar da wani, sai in ɗauko in gyara. Yanzu ɗaki guda suka cika, wasunsu sun girmi 'ya'yana duka. Ba na haya da su, ba na sayarwa. Duk ranar Juma'a da hantsi nakan fito da su in goge fulogi, in wasa haƙoran sarƙa da magagari, in tayar da kowane ya ɗan yi kuka, domin irin waɗannan in suka daɗe a kwance kabureta takan toshe. Iyalina sun gaji da ƙorafi sun bar ni.

Akwai wata al'ada da na taho da ita daga kurmi. A nan kowa baƙin mai yake zuba wa sarƙa, wanda aka juye daga mota. Mu a can manja muke zubawa saboda araha, kuma na ga bai cin ƙarfe kamar baƙin mai mai tsakuwa. Har yau manja nake sa wa nawa, mutane na dariya wai ina yi wa inji miya.

Da daminar bana iska ta kayar da itacen dogon yaro a kan katangar surukina, mijin ɗiyata ta fari, suna zaune a wani ƙauye kusa da Kajiji. Shi bai iya tunkarata, kun san kunyar suruki, ɗiyar ce ta zo ta roƙe ni aron inji. Na ba shi mafi ƙarfinsu, na nuna masa yadda ake riƙo, na haɗa masa da galan na manja, na ce sharaɗina ɗaya ne, kada baƙin mai ya shiga injin nan. Yana tsugune, kansa a ƙasa, ya ce in sha Allahu Baba. Aikin yini ɗaya ne, amma injin ya daɗe bai dawo ba. Duk aikena sai a ce bai ƙarasa ba. Da ya dawo kuwa, an wanke shi tas, sai dai haƙoran sun cinye fiye da abin da dogon yaro guda zai ci.

Ba a jima ba labari ya zo cewa an kwantar da manyan itatuwan gawo a gonakin da ke bakin burtali a wajen garinsu, an ƙone su gawayi an kwashe. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce itace ne kawai. A Gabon na kayar da itacen da mutum biyar ba su zagaye shi da hannu, bayan 'yan shekaru ka koma ka rasa wurin, daji ya rufe. A nan gawo shi ke ciyar da dabbobi da rani lokacin da babu ko ɗanyen haki, geron ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina, kuma wanda aka sare jikanka ba zai ga madadinsa ba. Manoma sun fusata, makiyaya sun fi su fusata.

Sai zargi ya faɗa kan wani bawan Allah, baƙo ne, shi kaɗai aka sani da injin haya a yankin, yana yanka wa kafintoci katako. An ƙwace injinsa an ajiye gidan maigari, samari sun tare shi a kasuwa sai da dattawa suka shiga tsakani, matarsa ba ta iya zuwa rijiya. An ce in aka tabbatar, zai bar garin.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, na hau babur na je wurin kamar mai wucewa. Na durƙusa gaban kututture ɗaya na ɗebi garin katakon. Ja ne. Na shinshina, manja. Na duba na biyu da na uku, haka. Surukin nan nawa ya ci amanar gari da injina, amma ya kiyaye sharaɗina.

Na aika ya zo. Na yi ta kewaye-kewaye, don ban taɓa kallon idonsa ba balle in tuhume shi, daga ƙarshe na ce na je bakin burtali na ga abin da na gani. Ya ce shi bai san komi ba. Na ce to wa ke sa manja a inji tsakanin Bodinga da Shagari? Sai ya ce geronsu bai yi ba bana, kuma gawo ai ba wanda ya shuka shi. Na ce baƙon fa? Ya ce ai baƙo ne, ko an kore shi yana da inda za shi. Wannan maganar ce ta fi ƙona ni, domin ni ma na yi baƙunci a ƙasashen mutane, na san babu inda baƙo yake zuwa. Ɗiyata ta kira ni tana kuka, ta ce in magana ta fita, dangin mijinta za su ce gidanmu ne ya tona shi, ita da yaranta ba su da sauran zama a gidan. Uwarta ta ce in zuba injunan duka a rijiya in yi bakina ƙulli.

Da na so in yi shirun. To jiya bayan la'asar sai ga baƙon nan a ƙofar gidana, ya cire takalmi tun daga nesa. Ya ce, "Baba Alhaji, kowa ya hwaɗi ba wanda ya kai ka sanin inji a ƙasar ga. Don girman Allah ka zo ka duba kututturan, ka gaya ma maigari ba nawa na ba." Ya ce maigari ya yarda, in na faɗa za a karɓa. Na ce masa to.

Ranar kasuwa mai zuwa za a zauna. Wanke shi ba wuya, zan ce injinsa baƙin mai yake sha, wannan garin katakon kuma ja ne. Amma duk wanda ke wurin ya taɓa yi mini dariyar manja, kuma sun ga injina a gidan surukina. Ƙarya ba zan yi ba a shekaruna. In na ƙi zuwa, an gama da bawan Allah. In na je, na rushe ɗakin ɗiyata da bakina. Jama'a, akwai wata hanya da ban hango ba? In babu, ku gaya mini yadda uba ke kallon ɗiyarsa washegari.