Yakuwa Uku a Falo

Fort Washington
26 ga Oktoba, 1986

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Baba da su Choji, ya kuma aikin kaka? Mu nan lafiya lau, mun gode Allah.

Na ga inda kika ce ƙasar nan ba za ta karɓi irinmu ba, gara in tattara in dawo Kagoro. To, ba zan ɓoye miki ba. Yakuwar da kika ba ni, a Yuli na shuka ta kamar yadda muke yi a gida. Ashe kakar nan da sanyi take zuwa. Tana fara fure raɓa ta daskare a kanta, na wayi gari duk ta yi baƙi. Na yi kukana, na wanke fuska, na tafi aiki asibiti.

Surukinki Kambai ya yi ta dariya, wai in bar noma in kama saƙar rigar sanyi kamar maƙwabciyarmu. Saƙar ma ina yi. Amma yakuwa guda uku sun tsira a gindin katanga, na tone su na sa a bokiti. Yanzu suna falo kusa da hita mai ɗumama ɗaki, a makwancin kyanwarmu. Ta yi fushinta ta gaji.

Baɗi tun Maris zan shuka a cikin ɗaki. Lokaci na kuskure, Mama, ba ƙasa ba. In ƙawata Constance za ta zo nan da Kirsimeti, ki ƙulla mata iri ta kawo min. Kada ki share min ɗaki, iri kawai nake so.

Ubangiji ya kiyaye ki.

'Yarki,
Atine