Gwiwar Baba da Na'urar da Ka Aiko

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, yara suna makaranta, maigidana ya warware daga murar da ta kwantar da shi. Baba ma da sauƙi, ɗinkin gwiwar ya kame, sai dai kai ka jawo mana sabuwar jinya.

Auta, me na yi maka? Na ce ka aiko wa Baba abin da zai ɗebe masa kewa, ka rasa abin aikowa sai na'urar wasan nan da ake jonawa a talabijin. Wasan ma ba na ƙwallo ba, a'a, wanda duniya ta tashi, garuruwa sun zama kufai, mutum yana yawo da jaka yana tsintar gwangwani. Likita ya ja mana kunne cewa in Baba bai riƙa takawa kullum ba, gwiwar za ta sandare, ya ƙare a keken guragu. Na ce ya tashi mu zaga layi, wai shi ya gaji, tun safe yake ratsa hamada da ƙafa. Mutumin da ko banɗaki sai an yi da gaske!

Kuma ka zo ka ga yadda yake wasan, ka sha takaici. Ana shiga kangon gida ne a kwashi abinci da magani, shi kuwa ya ce kayan mutane ne, wa ya sani ko magada suna raye. Mutumin nasa kullum a yunwace, riga duk a yage. 'Yan fashi suka tare shi, ya tsaya neman sulhu, suka kashe shi, ya dawo ya sake nema. Abin da ya riƙe shi a wasan wani ƙaramin sansani ne da ya tarar injin ruwansu ya lalace. Ka san Baba da famfo, aikin da ya ci ƙuruciyarsa. Ya gyara musu, suka naɗa shi mai kula da ruwa, shi ke nan muka shiga uku. Babbar 'yata ta nuna masa maɓallin da ake tsayar da wasan komai ya jira shi, ya ce bai yarda ba, ƙishirwa ba ta jira. Da na yi masa faɗa, ya ce a can in ya makara ana cigiyarsa, a nan kuwa ba a ce masa komai sai ko ya sha magani. Wallahi maganar ta soke ni, haushi ne kawai bai bar ni na nuna ba.

Ranar da mai gashin ƙashi ta ce gwiwar ta fara ƙin lanƙwasuwa, raina ya gama ɓaci. Na zare wayar wutar na'urar na cusa a bayan firji, na ce ta ɓata. Ya bincike falo kaf. Na tafi aiki na dawo, babu Baba, babu sandarsa. Auta, na fita da takalmi wari da wari ina tambayar maƙwabta, har bakin babban titi. Can na hango shi yana fitowa daga shagon mai kayan lantarki, gumi sharkaf, sabuwar waya a leda, yana ɗingishi yana murmushi. Tun da aka yi masa aiki ko ƙofar gida bai taɓa zuwa ba. Na rasa kuka zan yi ko faɗa, sai na yi duka biyun a gaban jama'a.

To ga abin da nake so da kai. Na san zai kira ka ya ce ka aiko masa da wayoyin wutar ya ajiye. Kada ka kuskura. Mun riga mun yi magana da mai shagon, duk wayar da ta ɓata a gidana wurinsa take komawa, ya sa ta a sabuwar leda ya miƙa wa Baba. Gwiwar ta fara sakewa. Ni da nake ganin na iya dabara, jiya da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in gaya wa mai ɓatar da wayar ta riƙa bari sai rana ta yi sanyi.

Ka gaishe mini da matarka da takwarar Mama, da Kawu in kun haɗu. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka daina aike sai ka yi shawara.

Taka har kullum,
Yayarka