Ƙusar Carbin Inna

Daren Laraba, Kazaure

Yanzu muka samu Inna ta yi barci, hannunta ɗaure a kan matashi. Abin da ke cina shi ne ko faɗuwa ba ta yi ba. Ƙasa kawai ta dafa za ta tashi daga kan sallaya, wuyan hannu ya karye.

Yaya Sani ya so a kai ta wurin maɗori a Roni, na ce asibiti. Har muka ɗaga wa juna murya, Allah ya yafe mini.

Da likita ta duba hoton ƙashin, ta ce ƙasusuwan Inna sun zaizaye, cikinsu ya zama kamar soso, kuma hakan yakan sami mata bayan ɗaukewar al'ada. Sai ta tambaye ni, "Ko kin lura tsawonta ya ragu?"

Nan take na tuna. Ƙusar da take rataye carbinta ni na sauko da ita bara, na ƙara saukowa da ita bana, don hannunta ya daina kaiwa. Duk muna ta cewa tsufa ne.

An ba ta ƙwayar da za ta sha da sassafe kafin ta ci komai, kuma ba kwanciya bayan ta sha. Ga nono kullum, ga ɗan zama a hantsi. Inna ta ce, "Nono ai na yara ne, 'yar nan." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, tare za mu sha."

Gobe bayan asuba zan ba ta maganin, ta zauna lazimi, ina gefenta. In Allah ya yarda, ƙusar nan ta gama sauka.